JAMB da WAEC: Yadda ɗalibai ke zubar da maki a sashen auna fahimta, da hanyoyin kauce wa hakan

Duk shekara idan lokacin jarrabawar shiga manyan makarantu ya zo, akwai abin da ke maimaita kansa a cibiyoyin rubuta jarrabawa da kwamfuta, daga Kano zuwa Sakkwato, daga Zariya zuwa Maiduguri. Ɗalibi ya shafe watanni yana haddar ƙa'idojin nahawu da amsoshin tambayoyin shekarun baya. Yana zama a gaban kwamfuta sai ta nuno masa wani dogon rubutu na Turanci da bai taɓa gani ba, ga tambayoyi a kansa, ga agogo a gefen allo yana cin lokaci.

A nan ne hadda ke ƙarewa. Wannan sashe shi ne malaman Hausa ke kira auna fahimta, kuma yana cikin wuraren da ɗalibai masu ƙoƙari ma ke barin maki a banza. Sau da yawa ɗalibin ya gane labarin da ya karanta. Abin da ya kayar da shi shi ne rashin sanin abin da mai tambaya ke nema, da kuma inda ake samo amsar.

Me ya sa wannan sashe ke da nauyi?

Jarrabawar UTME da hukumar JAMB ke shiryawa tana da tambayoyi 180, ana amsa su cikin awa biyu. Turanci, wanda ya zama dole a kan kowa, yana da tambayoyi 60, sauran darussa uku kuma 40 kowanne. Idan aka raba minti 120 ga tambayoyi 180, kowace tambaya daƙiƙa 40 kacal take samu. Ɗalibin da ya tsaya yana kai-komo a kan rubutu ɗaya na minti 15 ya cinye lokacin tambayoyi fiye da 20.

A manhajar Turanci ta JAMB, sashen farko ya ƙunshi tambayoyi a kan rubutun da ba a sani ba, da rubutun cike gurbi, da kuma littafin da hukumar ta zaɓa wa ɗalibai. A shekarun baya an yi amfani da The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli, a 2025 kuma aka koma The Lekki Headmaster na Kabir Alabi Garba. Dukkansu abu ɗaya suke gwadawa: ko ɗalibi zai iya karantawa ya fahimta.

A jarrabawar kammala sakandare ta WAEC, takardar Turanci ta rubutu tana da maki 100 cikin awa biyu. Insha'i na da maki 50, auna fahimta 20, taƙaitawa 30. Ke nan rabin makin takardar ya rataya ne a kan rubutu biyu da ɗalibi zai fara gani a ɗakin jarrabawa. Ita ma NECO tana gwada waɗannan sassa. Kiredit a Turanci kuwa na cikin sharuɗɗan da jami'o'i suka daɗe suna gindayawa, shi ya sa ake samun wanda ya ci darussa bakwai amma yake zaune a gida saboda wannan darasi guda.

Alƙaluman JAMB na nuna girman gasar. A sakamakon farko na 2025, fiye da ɗalibai miliyan 1.5 daga cikin sama da miliyan 1.9 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Daga baya shugaban hukumar, Farfesa Is-haq Oloyede, ya amince cewa matsalar na'ura ta shafi ɗalibai kusan 380,000 a Legas da Kudu maso Gabas, aka sake musu jarrabawa. Duk da haka, ko a 2024 kusan kashi uku cikin huɗu ne suka gaza kaiwa 200. Ga mai neman gurbin likitanci ko shari'a, maki biyar na iya zama tazarar da ke tsakanin samun gurbi da sake sayen fom baɗi.

Amsa tana cikin rubutun

Ƙa'idar da duk sauran dabaru suka ginu a kanta ita ce: mai tambaya ba ya neman ra'ayin ɗalibi, ba ya kuma neman abin da ɗalibi ya sani daga gida ko daga rediyo. Abin da marubucin ya faɗa, ko abin da maganarsa ta nuna, shi ake nema. Duk amsar da ɗalibi ya zaɓa, ya kamata ya iya ɗora yatsa a kan layin da ya ba shi hujja. Idan babu layin, amsar abar zargi ce komai daɗinta.

Misali zai fi fito da wannan. A ce rubutun ya ce: manoma da yawa a ƙauyen sun koma noman rani bayan an gyara madatsar ruwa, sai dai tsadar fetur ta sa wasunsu sun rage faɗin gonakin da suke ba ruwa. Tambaya ta ce: me ya sa wasu manoma suka rage gonakinsu? Zaɓi na A ya ce saboda tsadar taki. B ya ce saboda duk manoman sun daina noman rani. C ya ce saboda kuɗin tayar da injin ban-ruwa ya yi musu yawa. D ya ce saboda an gyara madatsar ruwa.

Ɗan manomi zai iya rantsewa cewa taki ya yi tsada, kuma gaskiyarsa ce, amma rubutun bai ambaci taki ba. Wannan shi ne tarko na farko: maganar da take gaskiya a rayuwa amma babu ita a rubutun. B ya ɗauki "wasu" ya mayar da ita "duk", wato ya zarce abin da marubuci ya faɗa. D ya kwaso kalmomin rubutun daidai, ido zai gan su ya ji ya saba da su, amma suna amsa wata tambaya ce daban. C ne daidai, alhali shi ne zaɓin da kalmominsa suka fi nisa da na rubutun.

Haka masu tsara tambayoyi ke aiki. Amsar gaskiya takan zo cikin sabuwar riga, an faɗi ma'anar da wasu kalmomi. Amsar ƙarya kuma takan ari kalmomin rubutun don ta ja hankalin mai gaggawa. Ɗalibin da ya san waɗannan tarkuna uku yakan iya jefar da zaɓi biyu cikin daƙiƙa kaɗan, ya tsaya a kan biyun da suka rage, ya koma rubutun ya raba gardama.

Tambaya za a fara karantawa ko rubutu?

Malaman Turanci sun rabu a kan wannan. Wasu na koyar da a fara da tambayoyi don a san abin da ake nema. Wasu na ganin hakan na sa ɗalibi ya riƙa tsalle-tsalle yana farautar kalma, ya rasa zaren maganar.

Hanyar da ta haɗa amfanin biyun ita ce a leƙa tambayoyin da sauri, ba tare da karanta zaɓuɓɓukan ba, domin uku daga cikin huɗu ƙarya ne kuma suna iya maƙalewa a kai. Daga nan a karanta rubutun gaba ɗaya sau ɗaya, a natse. Sannan a ɗauki tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, kowacce a koma sakin layin da ya shafe ta. Yawanci tambayoyin da ke neman bayani na zahiri suna bin jerin rubutun ne, ta farko daga sama, ta gaba daga ƙasa da ita. Wannan na rage wahalar nema.

Akwai kuma dabarar da ke hana zaɓuɓɓuka ruɗa mutum: ya amsa tambayar a zuciyarsa da kalmominsa kafin ya dubi A zuwa D. Wanda ya shiga kasuwa ya san abin da zai saya, da wuya ɗan talla ya karkatar da shi.

Hausa ba cikas ba ce

Ɗalibai da yawa da suka tashi da Hausa a gida suna karanta Turanci ne suna fassara shi kalma bayan kalma a cikin kai. Wannan na cin lokaci, kuma da an ci karo da kalma ɗaya mai wuya sai komai ya tsaya. Wasu daga nan suke karaya, su ɗauka rubutun ya fi ƙarfinsu.

Inda Hausa ke da amfani shi ne ƙarshen kowane sakin layi. Ɗalibi ya dakata na daƙiƙa biyar ya tambayi kansa: me mutumin nan ya ce a nan? Ya ba kansa amsa da jimla ɗaya, ko da Hausa ce. Idan rubutun na da sakin layi biyar, zai tashi da jimloli biyar da suka zama taswirar rubutun. Da ita zai san inda zai koma idan tambaya ta zo, da ita kuma zai amsa tambayar da ke neman babban saƙon marubuci ko kanun da ya dace da rubutun.

A irin wannan tambaya ta babban saƙo, kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar misali a matsayin jigo. Rubutu na iya magana a kan illar sare itatuwa, ya kawo misalin masu gawayi a sakin layi ɗaya. Zaɓin da ya ce rubutun a kan sana'ar gawayi yake ya kama reshe ne ya bar gindi. Kanun da ya dace shi ne wanda zai rufe rubutun daga farko har ƙarshe.

Ƙananan kalmomi masu juya magana

Mai jin Hausa ya san cewa idan dattijo ya daɗe yana yabon yaro sannan ya ce "sai dai", to ainihin maganar yanzu za ta fara. Haka abin yake a Turanci. Kalmomi irin su but, however, yet da although suna nuna marubuci zai juya, kuma galibi matsayinsa na bayan juyawar. Therefore da thus suna nuna an zo sakamako. For instance na nuna misali ne ke tafe, ba sabon batu ba.

A cikin tambayar ma akwai irinsu. Not da except sun kayar da ɗalibai masu yawa, domin tambayar na neman abin da babu shi a rubutun ne, mai sauri kuma sai ya danna zaɓin farko da ya ga ya dace da abin da ya karanta. According to the passage na nufin amsar tana nan a fili. It can be inferred ko the writer implies na nufin ba a faɗe ta kai tsaye ba, sai an haɗa magana biyu an fitar da ita. Ko a nan ma taki ɗaya ake yi daga rubutun. Idan an ce mutum ya shigo yana karkaɗe lemarsa, ana iya cewa ana ruwa a waje. Cewa ambaliya ta ci garin kuwa ƙari ne daga mai karatu.

Zaɓin da ke ɗauke da always, never, all ko none yana buƙatar a duba shi sau biyu. Ba kullum yake zama kuskure ba, amma marubuta sun fi yawan cewa "sau da yawa" ko "wasu", kuma mai tsara tambaya ya san ɗalibai ba sa lura da bambancin.

Ma'anar kalma a inda take

Tambayar ma'anar kalma tana zuwa a JAMB da WAEC duka, kuma sharaɗinta ɗaya ne: ma'anar kalmar kamar yadda aka yi amfani da ita a rubutun. Bahaushe bai kamata wannan ya ba shi mamaki ba. Kalmar "ci" daban take a cin tuwo, da cin jarrabawa, da cin amana, da cin bashi, da cin kasuwa. Wanda ya ce ma'anarta kullum sa abinci a baki ne zai sha kunya. Haka kalmomin Turanci suke, kuma masu jarrabawa sun fi son kalmar da ke da fuska fiye da ɗaya.

Gwajin mai sauƙi ne. A cire kalmar, a sa wadda ake zato a gurbinta, a sake karanta jimlar. Idan ma'ana ta tsaya kuma nahawu bai karye ba, an dace. A WAEC wannan na biyun na da muhimmanci ƙwarai. Idan kalmar ita ce abandoned, amsar deserted ce. Wanda ya rubuta desert ya san ma'anar amma ya rasa makin, domin kalmarsa ba za ta zauna a gurbin ba. Haka nan wanda ya jera kalmomi biyu ko uku yana fatan mai dubawa zai zaɓar masa, idan ɗaya ta zama kuskure ya yi asarar duka.

Idan kuma kalmar baƙuwa ce gaba ɗaya, jimlar da ke gabanta da ta bayanta sukan nuna ko yabo ne ko suka, ko ƙaruwa ce ko raguwa. Wannan kaɗai na iya fitar da zaɓi biyu.

Abin da WAEC ke hukuntawa

A WAEC ɗalibi ne ke rubuta amsar da hannunsa, don haka akwai ƙarin wuraren zubar da maki. Rahotannin manyan masu duba jarrabawa na hukumar sun daɗe suna kokawa da abu ɗaya: kwafo jimloli daga rubutun yadda suke, ba tare da tunani ba. Ɗalibi ya ga kalmar da ke cikin tambaya a wani sakin layi, sai ya kwashe layi huɗu ya zuba, yana fatan amsar na ciki. A sashen taƙaitawa irin wannan kwafe ba ya samun maki.

A taƙaitawa, idan an ce a kawo dalilai uku cikin jimloli uku, to jimloli uku cikakku ake so, kowacce da dalili ɗaya. Guntuwar magana marar aikatau na rage maki, haka ma cusa misalai da ƙarin bayanin da ba a nema ba, haka ma kuskuren nahawu. Aikin a nan shi ne tankaɗe: a zubar da misalai da maimaici da ado, a riƙe gundarin maganar, a faɗe ta a gajarce da kalmomin kai.

Akwai kuma tambayoyi biyu da kusan kowace shekara sai sun fito a auna fahimta, kuma su ne makin da ya fi sauƙin tanada tun daga gida. Ta farko ita ce a ciro wani yanki na jimla a ce a faɗi sunansa a nahawu da aikinsa. Yanki irin when the rain stopped yana da aikatau mai nuna lokaci, don haka adverbial clause ne, aikinsa kuma bayyana aikatau na babbar jimlar, wanda dole a ambace shi da sunansa. Wanda ya rubuta phrase a maimakon clause ya faɗi. Ta biyu ita ce adon harshe: kamantawa, siffantawa, mutuntarwa, kambamawa da makamantansu. Ɗalibin da ya yi adabin Hausa ya san su, abin da ya rage masa shi ne sunayensu na Turanci da yadda ake rubuta su daidai.

Takardar kanta tana ba da shawarar lokaci: minti 50 ga insha'i, 30 ga auna fahimta, 40 ga taƙaitawa. Da yawa sukan narke a insha'i, su zo taƙaitawa mai maki 30 saura minti goma.

Lokaci da kwamfuta

Tun 2015 JAMB ta mayar da UTME gaba ɗaya kan kwamfuta, WAEC ma ta fara gwada hakan da ɗalibai masu zaman kansu a 2024. Karatu a allon kwamfuta ya bambanta da na takarda. Ba a ja layi a ƙarƙashin jimla, ido kuma na saurin gajiya. Wanda ya saba da waya kaɗai yana buƙatar ya zauna gaban kwamfuta ko da sau kaɗan ne kafin ranar, kuma jarrabawar gwaji da JAMB ke shiryawa dama ce ta yin hakan. Tsarin hukumar ya ba da damar amfani da madannai: A zuwa D don zaɓen amsa, N don zuwa gaba, P don komawa baya.

Ba dole ne a bi tambayoyi a jere ba. Wanda ya san karatunsa na da nauyi zai iya fara kwashe gajerun tambayoyin nahawu, sannan ya dawo kan rubutun da kwanciyar hankali. Tambayar da ta ƙi, a zaɓi abin da ya fi kusa a wuce, a dawo idan lokaci ya ragu. JAMB ba ta cire maki saboda amsar kuskure, don haka barin tambaya babu amsa asara ce kawai.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Duk waɗannan dabaru suna taimakon wanda yake karatu ne. Saurin karatu da yawan kalmomi ba sa samuwa a mako guda, kuma babu mai sayar da su a bakin cibiyar jarrabawa. Hanyar da ba ta buƙatar kuɗi mai yawa ita ce ɗalibi ya riƙa karanta rubutun Turanci guda a kullum, kamar sharhin jarida, wanda wayar da ke hannunsa za ta kawo masa. Idan ya gama ya rufe, ya faɗi abin da marubucin ke nufi cikin jimla biyu, ya rubuta sababbin kalmomi uku tare da jimlolin da suka zo a ciki.

Tambayoyin shekarun baya ma akwai yadda ake cin moriyarsu. Haddace cewa amsar ta bakwai B ce ba ya ƙara komai, tunda rubutun ba zai dawo ba. Abin da ke dawowa shi ne salon tarkon. Ɗalibi ya sa agogo, ya amsa, sannan a kan duk wadda ya faɗi ya binciko dalili: ilimin waje ya shigo da shi, ko ya tsallake not, ko kalmomin rubutun ne suka ruɗe shi? Bayan rubutu goma zai ga cewa kuskurensa iri biyu ne ko uku suke ta maimaituwa.

Iyaye da yayye na da rawar takawa ko da ba su yi boko mai zurfi ba. Uwa na iya sa ɗiyarta ta karanta labari da Turanci ta ba ta shi da Hausa, sannan ta tambaye ta: a ina aka faɗi haka? Idan yarinyar ta koma ta nuna layin, ta yi ainihin aikin da JAMB da WAEC za su nema a wurinta ranar jarrabawa.